Baba Tafireta da Layin Gaisuwa

Duk wanda ya yi aiki a hawa na biyu na kamfanin safarar kayan nan ya san Baba Tafireta, ya kuma san abin da ke tayar masa da jijiyar wuya. Ka kawo masa wasiƙa ka ce ya buɗe ta da "Zuwa ga wanda abin ya shafa", to ranar ka taɓo wa kanka. Zai cire tabarau, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Kai in ka je gidan mutane, ƙofa kake gaisarwa ko mai gida?"

Tsarinsa bai canja ba tun yana saurayi a kan keken rubutu har kwamfuta ta zo ta same shi da furfura. Kafin ya buga harafi ɗaya sai ya kira ofishin da za a aika wa, ya lallaɓa mai karɓar baƙi har ta faɗa masa sunan wanda zai karanta, da muƙaminsa, da ko namiji ne ko mace. Abokan aiki suna tsokanarsa wai ko takardar korarsa aka ba shi ya buga, sai ya tsaya tambayar sunan kansa. Shi ko a jikinsa. Wasiƙunsa ana amsa su, kuma da wannan ya yi ta tinƙaho har ya yi ritaya.

Autansa mai walda ne. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa mai nisa, kuma duk ƙarshen mako yakan kira mahaifiyarsa ya yi ta ƙorafin abincin wurin tana dariya. Sai kawai kira ya ɗauke. Wayarsa a kashe, ta abokin ɗakinsa ma a kashe. Abin da ya rage musu shi ne adireshin imel ɗin kamfanin a ƙasan takardar ɗaukarsa aiki, babu sunan kowa a jiki.

Babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya, ta kawo kwamfutarta ta ajiye a teburin falo.

"Baba, faɗi in rubuta."

"Wa za mu gaisar?"

"Ko waye, Baba. Ai wani zai gani."

"Wani ba zai amsa ba. Wasiƙar da ba ta da mai ita, kowa tura wa na kusa da shi yake yi har ta mutu. Ni na san aikin nan. Ki ba ni kwana biyu in samo suna."

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin da tawul a hannu. Ta ce, "Malam, don Allah ka aika haka. Ko kare ne zai karanta, a rubuta masa."

Bai aika ba. Kada wani ya ce taurin kai ne kawai. Tsoro ne ya cika shi, yana ganin dama ɗaya gare su, in ta faɗa kwandon shara shi ke nan. Ya nemo lambar kamfanin ya kira, muryar na'ura ta yi ta jan sa. Ya hau mota zuwa ofishin dillalin da ya shirya tafiyar, ya tarar da kwaɗo a ƙofa da takardu sun taru a ƙarƙashinta. Kwana biyu suka zama mako, mako ya haifi wani. Daga ƙarshe wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa sunan shugabar sashen ma'aikata. Baba ya zauna ya tsara wasiƙar da bai taɓa rubuta irinta ba: suna daidai, muƙami daidai, gaisuwa tsaf. 'Yarsa ta danna ta aika.

Ko shayinsa bai huce ba saƙon ya dawo. Wai babu wannan adireshin.

Abokin nan ne ya sake bincikowa. Kamfanin ya kammala aikinsa, ya rufe ofishin a makon da ya wuce, ma'aikata kowa ya kama gabansa. Wato ranar da matarsa ta roƙe shi daga ƙofar kicin, akwai mutum zaune yana buɗe saƙonni.

Babu wanda ya ce masa laifinka ne. Da ma a ce an faɗa, da ya fi masa sauƙi. Matarsa dai ta daina tambayarsa ko an amsa. Takan ajiye masa abinci ta koma ɗaki, wayarta a cinya.

Yanzu kullum da safe Baba Tafireta yana teburin falo, yana rubuta wa asibitoci, da ofisoshin jakadanci, da duk wani adireshi da aka ce masa yana can ƙasar. Amsa ba ta zuwa, sai ta na'ura mai godiya da lambar ajiye ƙorafi. Ya rame, tabarau na zamewa daga hancinsa, kuma ya san a ransa babu mai karantawa.

Rannan 'yarsa ta leƙa ta bayansa kafin ta fita aiki, ta ga layin farko: "Zuwa ga wanda abin ya shafa." Ta ce a hankali, "Baba, ba za ka nemi suna ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Suna ɗaya ya rage mini, na autana, kuma na rubuta shi a ƙasa. Aika haka."