Cinyar Ragon da Inna Ta Kai wa Maƙwabta

A shekarun alif ɗari tara da tamanin, duk lokacin da aka ba yara dogon hutu sai mu bar Largo, garin da muke zaune, mu nufi wani tafki cikin duwatsun yammacin Maryland. Wani tsohon Bature ke ba mu hayar gidan katako a can, ɗaki biyu da rufi mai yoyo. Ni nas ce, maigidana injiniya, kuma da don tamu ce da ba mu sha wannan doguwar tafiya ba. Saboda Inna muke zuwa, mahaifiyarsa.

Inna 'yar masunta ce daga Yawuri. A Largo wuni take a bakin taga, ta yi wa jikokinta Hausa su amsa mata da Turanci. Amma da ta ga ruwa sai ta zama wata mace daban. Ta ci ɗamara, ta koya wa yaran sa tana a ƙugiya da gyaran kifi, tana yi tana faɗa: "Kai sakarai, haka ake riƙe wuƙa a gidanku?" A can kaɗai na taɓa jin ɗana ya yi Hausa ba tare da an roƙe shi ba. Maigidana har ya fara zancen sayen gidan, wai jikokinmu ma su samu wurin zuwa.

Sai ga shekarar da Babbar Salla ta same mu a can. Maigidana ya sayo rago wurin wani manomi, aka ɗaure shi a bayan gida tun Salla da saura. 'Ya'yan Turawan da ke maƙwabtaka da mu suka liƙe masa. Su kawo masa karas, su taje masa gashi, har suna suka raɗa masa. Mu kuwa sai murna muke, muna cewa yaran nan akwai tarbiyya, ga shi suna taya mu kiwo. Ba wanda ya yi tunanin gaya musu inda ragon ya dosa.

Ranar Salla da hantsi aka yanka, lokacin maƙwabtan sun fita yawo a kwalekwale. Inna ta yi rabo da hannunta. Ta ware cinya sukutum ta ce ta gidan yaran nan ce, saboda hidimar da suka yi. Ta ɗora a tire, ta rufe da faifai, ta yafa mayafinta na fita kunya, na bi ta don in yi tafinta.

Ƙaramar 'yarsu ce ta ɗaga faifan. Har yau ihunta bai bar kunnena ba. Uwar ta fizge ta ciki, ta rufe mana ƙofa a fuska. Kafin la'asar sai ga motar 'yan sanda, ana tuhumar maigidana inda ya zubar da jini, a gaban 'ya'yansa, yana sanye da babbar rigarsa ta Salla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegari. Ya sa kwat, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, ga mutanen da kowace yamma hayaƙin gashin namansu ke turnuƙe tafkin. Ba wanda ya ce masa ya shigo. Tsohon Baturen da ke ba mu haya, wanda ya yi shekaru yana cin kifin Inna har da lashe yatsa, ya ce kada mu damu. Da muka koma Largo ya bugo waya, wai daga yanzu danginsa ne za su riƙa sauka a gidan.

Mun kasa gaya wa Inna. Ita dai ta ga an rufe mata ƙofa, ta yi ta juya abin a ranta. Wata rana ina yi mata kitso ta sa aka kira ɗanta.

"Na gano laifinmu," ta ce. "Ga gidaje rututu, muka kai wa ɗaya tak, kuma ko hanta babu a ciki. Ai dole su ji haushi. Baɗi in Allah ya kai mu, ka sayi raguna biyu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Tun daga ranar ta fara tambayar yaushe za a sake ba yara hutu, kuma ni aka bari da amsa mata.