Barmo Mai Ɗaurin Kai

A ƙasar Damargu, inda sai an haƙa gaba talatin ko arba'in kafin a ga danshi, mai haƙa rijiya mutum ne da ake tashi a ba shi tabarma. Barmo na Gangara yana cikinsu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, wajen ubansa ya gaji sana'ar. Buzaye da Fulani sun san shi tun daga Belbeji har Olelewa, don in ya murza ƙasa a yatsunsa ya ce a haƙa nan, da wuya a tashi a banza.

Shekara biyar da samun mulkin kai, wani kamfanin Nasara ya zo yin rijiyoyin siminti, ya ɗauki Barmo da abokin aikinsa Dado. A rijiya ta huɗu, da hantsi, suna can ƙasa su biyu, gefe ya rufta musu. Barmo ya yi rabin yini a binne har wuya, yana jin nishin Dado kusa da shi, har nishin ya tsaya. Sai da la'asar aka jawo shi.

Ko ƙashi ɗaya bai karye ba, amma barci ya ƙaurace masa, kuma ko bakin rijiya ba ya iya leƙawa don tsoro. Kamfani kuwa yana da sauran rijiyoyi goma sha ɗaya, ba shi da gwani kamarsa. Lokotoron kamfanin, wato likitansu, wani Bature mai jan gemu, ya miƙa masa kwalbar wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya, ya ce ta bakin tafinta: "Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya in za ka kwanta. Maganin kwantar da zuciya ne." Iyakar abin da aka faɗa masa ke nan.

Ƙwayar ta yi aikinta. Kafin kwana goma Barmo ya koma cikin rami. Shekara biyu cur yana shan ta, kwalba na ƙarewa a ba shi wata. Matarsa Raishatu ce kaɗai ta lura ya yi sanyi, yana mance inda ya aje takalmi, ana ba da labarin dariya ya zuba ido kawai.

"Maigida," ta ce masa wata rana, "kamar kana nan, kamar ba ka nan."

Ya ce, "Aiki dai na tafiya, Raishatu."

Da aka gama rijiya ta ƙarshe, kamfani ya loda kayansa a manyan motoci ya kama hanyar Damagaram, da lokotoron da akwatin magungunansa. An ba Barmo hannu, an ce masa gwani ne. Ƙwaya tara suka rage a kwalbarsa. Ya shanye su cikin kwana uku bai damu ba, don shi a ganinsa aiki ya ƙare, magani ma ya ƙare.

Kwana biyu bayan haka yana alwalar azahar ya ji kansa ya cika, kamar an ɗaura masa igiyar guga a goshi ana murɗawa. Ba irin ciwon kan da ya sani ba ne, na rana ko na yunwa. Matsi ne daga ciki, yana tura bayan idanunsa, yana danna ƙeyarsa. Kunnuwansa suka dinga ƙara. Hasken rana ya zama abin gudu, ƙarar taɓarya a gidan maƙwabta ta zama kamar a kwanyarsa ake daka. Ko ludayin fura ba ya iya kaiwa bakinsa. A kwana na biyar ya faɗi a ƙofar masallaci yana karkarwa, ya ciji harshensa, gaban kowa.

Daga ranar gari ya yanke hukunci. Wasu suka ce aljanin rijiya ne ya biyo shi, wasu suka ce Dado ne ke kiransa. Wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya har sau uku. Ya sha rubutu, ya shaƙi turare, an yanka baƙin zakara. Matsin bai ragu ba ko kaɗan. Abu ɗaya ne ke ɗan sassauta masa: Raishatu ta jiƙa tsumma a ruwan randa, ta ɗaure masa kai tam, ta zauna bayansa tana danna masa gefen goshi da manyan yatsunta.

Ita ce ta ce a tafi Tanut. Ta ari jaki ta ɗora shi, ta ƙulle kwalbar da babu komai ciki a bakin zanenta, duk da Barmo ya ce ta jefar. A gidan likita suka sami wani ma'aikaci dattijo, Sulemanu, wanda ya daɗe yana aikin jinya a soja. Ya karanta rubutun jikin kwalbar, ya cire tabarau, ya dubi Barmo.

"Tun yaushe kake shan wannan?"

"Shekara biyu."

"Rana ɗaya ka bar ta gaba ɗaya?"

"Ƙarewa ta yi."

Sulemanu ya girgiza kai. "Ba aljani ba ne, Malam Barmo. Jikinka ne ya saba da ita. Ba a barin ta haka, sai an yi ta ragewa kaɗan-kaɗan wata da watanni. Ka yi sa'a da ba ta kashe ka ba. Wanda ya ba ka bai faɗa maka ba?"

 Barmo ya ce, "Shi ɗin ya san haka?"

"Duk wanda ya ba da ita ya kamata ya sani."

Wannan maganar ta fi matsin kan yi masa ciwo. Da aljani ne, da ya ce ƙaddara. Amma ashe magana ce wadda ba ta fi numfashi biyu ba, tafinta na tsaye a wurin, ba a faɗa ba.

Babu ƙwayar a Tanut. Sulemanu ya rubuta takarda Damagaram, sai bayan mako uku wani direba ya kawo kwalba guda. Ya nuna wa Raishatu yadda za ta raba ƙwaya da reza, yau cikakkiya, gaba rabi, gaba rabin rabi, ya ce kada ta ƙara ko da maigidan ya roƙe ta. Ya kuwa roƙa. Ya zage ta, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta riƙa ɓoye kwalbar a cikin rumbu, tana kuka tana hana shi.

Duk lokacin da aka rage, matsin ya dawo sabo, ya yi kwanaki kafin ya lafa. Barmo ya koyi zama da shi. Ya bar goro, ya bar shayin da Buzaye ke ba shi, don ya ga suna ƙara ɗaure masa kai. Da sanyin safiya ya zaga bayan gari a hankali har ya gaji. In rana ta take ya shiga inuwa, ya ɗaura tsummansa, ya ja kaba yana tufka igiya, don in hannunsa na aiki yakan ɗan manta da kansa. In abin ya taso ya ce wa ransa, na jiya ma ya wuce. Wata bakwai kafin ya haɗiye ɓarin ƙarshe, kusan shekara kuma kafin ya wayi gari ya ji kansa wasai.

Bai sake shiga rijiya ba. Ya zama mai sayar da igiya da gyaran guga a kasuwar Gangara, ga mutanen da ke shan ruwan rijiyoyin da ya haƙa. Sunan Barmo gwani ya ɓace, sai Mai Ɗaurin Kai, ko bayan ya daina ɗaurawa. Ya sha faɗa wa mutane abin da Sulemanu ya ce, su ce "to, Allah ya ƙara sauƙi," su haɗa ido.

Damina biyu bayan ya warke, rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin ɗan marigayi Dado da wani maƙwabci. Barmo ya san iyakar sarai, don da shi aka dasa shingen aguwar da ya raba gonakin. Ya sa farar rigarsa ya tafi ƙofar Maigari ba da shaida. Ya buɗe baki ke nan maƙwabcin ya ce, "Ranka ya daɗe, da maganar wanda ya taɓu za a raba mu?"

Maigari ya yi gyaran murya, bai dube shi ba, ya ce, "Malam Barmo, je ka huta. Mun gode."

Ɗan Dado ya rasa kashi ɗaya cikin uku na gonar ubansa. Barmo ya koma gida da rana tsaka, ya cire rigar ya miƙa wa Raishatu. Ta tambaye shi yadda aka yi.

"Ninke ta ki aje," ya ce. "Ba inda zan ƙara zuwa da ita."