Baba ya ƙi a juya shi hagu

Ina shiga ɗakin Baba yau da safe na tarar nas ɗin da muka ɗauka ya yi tsaye sororo, Baba kuma ya damƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya.

Wata huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, ga ciwon suga, ga robar fitsari. Da za a sallamo mu daga asibiti a Katsina mu dawo Daura, an ja mana kunne a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Shi kuwa a dama kawai yake kwanciya, fuska gabas. Yanzu ƙugunsa ya fara gyambo.

Na ce, "Baba, awa biyu kacal, sai mu mayar da kai."

Da ƙyar harshensa ya haɗa maganar: "In mutuwa ta zo cikin awa biyun fa? Ta same ni na ba alƙibla baya?"

Na ce to a juya kan gadon arewa, ko ta hagu ma gabas zai kalla.

Ya dube ni. "A hagu ake kwantar da mutum a kabari?"

Nas ya ce gyambon mai suga ba ya jira. Yaya ya ce a koma asibiti. Gwaggo ta ce a sallami nas, a bar bawan Allah da Ubangijinsa.

Wallahi kaina ya kulle. Ku da kuka taɓa irin wannan jinya, jikinsa zan ceta, ko hankalinsa zan kwantar? Har yanzu yana nan a dama.