Malam Badamasi Mai Darasin Niyutiron

Malam Badamasi ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da kimiyyar fizis a Doguwa. Da wake da gyaɗa yake kwatanta wa ɗalibai abin da ke tsakiyar atam, wato ƙwayar zarra. Wake shi ne furoton, gyaɗa kuma niyutiron, wanda ba shi da cajin lantarki amma ya ɗan fi furoton nauyi.

Bayan ya yi ritaya ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Bara tsohuwar ɗalibarsa Ummulkhairi ta zo daga Zariya duba shi. Ta durƙusa ta ce, "Malam, yanzu a kan niyutiron nake bincike a jami'a."

Ya yi ta motsa baki, magana ta ƙi fita, sai hawaye. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi masa rasuwa.