Fitar Hikmatu Ba Sallama

Hikmatu 'yar unguwar Kanvili ce a Tamale, 'yar fari a gidan wani mai gyaran babur, kuma ita ta fara taka jami'a a zuriyarsu. Aikin akanta ta karanta. Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta zauna, kullum waya a hannu. Kada a ce lalaci ne, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Ta buɗe shafi a Linkidin, dandalin masu neman aiki, ta ari kwat ta ɗauki hoto, ta bi duk wani manaja da ke Tamale har da na Kumasi. Tana tura takardu, ana yi mata kunnen uwar shegu. Mahaifiyarta, Mma Ashetu, takan leƙo ɗaki ta tambaya ko har yanzu wayar ba ta haihu ba.

Rashin aikin da sauƙi. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne Wasilatu, ƙawarta tun firamare. Babur ɗaya suke hawa zuwa makaranta, Hikmatu ke tuƙi, a aji ma Hikmatu ce a gaba. Wasilatu ba kwat, ba dogon Turanci, sai bakin gaisuwa. Duk guruf ɗin Wasaf da ta shiga, na suna ne ko na ta'aziyya, sai ta bi manya da muryarta, ta tambayi ciwon ƙafar wannan da jikan waccan. A haka wata tsohuwar malamarsu ta ga sanarwar ɗaukar ma'aikata a Fesbuk ta tuna da ita. Sai ga Wasilatu a ofishin wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi, da katin aiki a wuya.

Hikmatu ta yi mata murna, amma iyakarta leɓe. Takan buɗe hoton Wasilatu mai katin nan ta ja shi da yatsu biyu har fuskar ta dushe, tana neman aibi. Hassada ce tsagwaronta, ta kuma san sunanta, sanin bai rage komai ba.

Ana haka bikin wata 'yar ajinsu, Shahida ta Kukuo, ya taso, aka buɗe guruf na yayi, atamfar da mata za su ɗinka iri ɗaya. Iyaye na ciki, gwaggwanni na ciki, har da Hajiya Sawudatu ta Gurugu mai kamfanin man kaɗe. Wata ta jefa hoton Wasilatu, shi ke nan aka manta da atamfa, aka koma sa albarka. Hajiya da kanta ta aiko doguwar murya tana addu'a. Hikmatu ta saurari rabi, ta ji Wasilatu, Wasilatu, kamar babu sauran 'ya'ya a garin, zuciya ta ɗebe ta, ta danna fita.

Ita dai a ganinta ta rufe ƙofa ne a hankali. Amma waya ba ta rufa asiri, nan take ta rubuta wa kowa cewa Hikmatu ta fita, daidai ƙarƙashin addu'ar Hajiya. A wajen matan nan kuwa guruf tsakar gida ne. Babba na addu'a, ba a miƙewa a kaɗe zani a wuce ba amin ba sallama.

Da la'asar Wasilatu ta iso a kan sabon babur ɗinta, ko kashe shi ba ta yi da kyau ba. Ashe ta daɗe tana yi wa Hajiya tallar Hikmatu, ita ta tura mata shafin nan mai kwat, domin Hajiya na neman akanta. Ta kunna mata ragowar muryar. Can ƙarshe Hajiya ta ce saura 'yarta Hikmatu, ta zo ta same ta bayan biki, akwai magana.

Washegari Mma Ashetu ta ƙulla goro, su uku har da Wasilatu suka nufi Gurugu. Hikmatu ta durƙusa har ƙasa, ta ce hannunta ne ya kuskure. Hajiya ta dube ta, kallon wadda ta riga ta ji irin wannan.

"Na yafe, ɗiyana, ba komai koraa, ko kaɗan," in ji ta. "Amma ina kiran sunanki, kin tashi. Mata na ƙauye ne ke kawo mini kaɗanya, kowa da bakinshi. Ba ni iya sa musu mutum da ya ke tashi in an yabi wani."

Ta karɓi goron, ta sa albarka, ta tambayi lafiyar mai gida. Aikin kuwa ta riga ta ba wani ɗan Kukuo tun da safe.

Mma Ashetu ta shiga keke mai ƙafa uku ta wuce kasuwa, ko kallon 'yarta ba ta yi ba. Wasilatu ta tada babur, tana ba da haƙuri ta kafaɗa, wai kada Hikmatu ta damu, ta san wani Alhaji a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, gobe za ta gaishe shi ta sako zancen. Hikmatu ta so ta ce na gode, sai ta kau da kai. Aikin da ya suɓuce bai ƙona ta kamar wannan ba, cewa ko ƙofa ta gaba ma Wasilatu ce za ta ƙwanƙwasa mata. Ta tattare zaninta ta hau baya, inda Wasilatu ta saba zama, ta riƙe ƙarfen kujera maimakon kafaɗar ƙawarta.