Kek ɗin Zuma da Littafin Turawa

Ko da zan manta da komai na shekarun 'yanmatancina, ba na jin zan manta da kek ɗin da na gasa ranar da aka zo ganina. Har yau in na ji ƙamshin kirfa da zuma sai gabana ya ɗan faɗi.

A Madina aka haife ni, a wani gidan haya da ke bayan titin Sultana. Kakannina ne suka zo aikin hajji suka zauna. Sa'o'ina Larabci suke mayar wa iyayensu, ni kuwa Hausa ta zauna a bakina saboda littattafan soyayya da wata gwaggona take cuso mini a jaka duk lokacin da ta zo umara. Su suka raine ni. Na yarda cewa namiji yana iya ɗanɗana girkin mace sau ɗaya ya kasa barci.

Mahaifina sana'arsa sayen tsofaffin kayan ɗaki, musamman na baƙin ma'aikata masu komawa ƙasarsu. A cikin wata durowar kicin da ya kawo na tsinci littafin. Na girki ne, da Turanci, ni kuma Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Amma hotunan! Tuffa a yanke, furanni, kyandir ruwan hoda, wata ya cika yana leƙowa ta taga. Na ce a raina haka matan Turawa suke yi wa masoyansu girki. Na ɓoye shi cikin kayana.

Ana nan sai wani saurayi mai aiki a filin jirgi ya aiko yana nemana. Aka sa ranar da zai zo da mahaifiyarsa ganin ido. Ummi, mahaifiyata, ta ce a sayo kayan zaƙi irin su baƙlawa a shago a huta, na ce a'a. Tauraruwar wane littafi ce ta taɓa ba masoyinta abin shago?

Na buɗe shafin da ya fi burge ni. Ma'aunin kayan kawai na duba da waya: fulawa, zuma, kirfa, busasshen wardi. Sauran dogon bayanin ban tsaya fassara shi ba, hoto na bi. Na zana tauraro cikin da'ira a saman kek ɗin kamar yadda na gani. Na kunna kyandir a gefen murhu don ya yi kyau. Ina juya ƙullun ina kiran sunan saurayin a hankali, ina murmushi ni kaɗai.

Suka zo bayan la'asar, suka ci, suka tafi. Washegari mahaifiyarsa ta bugo ta ce sun amince, a sa ranar ɗaurin aure.

Murna ce ta sa na koma ga littafin, ina so in haddace girkin. Na ɗora kyamarar waya a kan shafin, fassarar ta fito da Larabci. Sunan girkin: kek na jawo masoyi. A kunna kyandir ruwan hoda. A zana tauraro don kulle niyya. A riƙa juya ƙullun ana ambaton sunan wanda ake so. A ƙarshe a roƙi wata allahiya ta soyayya. Na juya farkon littafin, sai ga shi na wasu masu bautar wata da ƙasa ne, masu ɗaukar kicin wurin tsafi. In ban da roƙon nan na ƙarshe, babu abin da ban yi ba.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga kicin in fito, in hau soro in sauko. In saurayin ya turo saƙo mai daɗi, maimakon in ji sanyi sai in ce kek ne ke magana. Na tafi Harami in yi addu'a, na zauna a farfajiya ƙarƙashin lema, bakina ya yi nauyi. Wadda ta kunna wa tsafi kyandir me za ta ce? Ni dai abu ɗaya nake son sani: wannan auren nawa ne, ko sato shi na yi?

Kakata, wadda muke kira Sitti, ita ta tare ni a matakala.

"Ke, ya binti, tsutsa ce a jikinki? Amarya tana ramewa kamar wadda aka saka?"

Na fashe da kuka na kawo mata littafin. Ta daɗe tana kallon hotunan, ta riƙe baki.

"Mu da ake cewa Takari masu asiri ne, ba mu gama wanke kanmu ba, shi ne kika kwaso mana na Turawa?"

"Wallahi Sitti ban sani ba."

"Na yarda. Wadda ta sani ba ta kuka haka. Yalla, maza ɗauko ashana."

A soro muka ƙona shi cikin tsohon kaskon gawayi, rana tana dukan mu. Ta sa na yi istigfari, ta ce Allah ya san abin da ke zuciyata, halas, shi ke nan, in rufe bakina. Amma littafin ne ya ƙone, tambayata tana nan.

Na kira saurayin lokacin hutunsa na azahar, ƙarar jirgi tana cika wayar. Na faɗa masa komai, har kiran sunan. Ya ce, "Zan neme ki." Ya kashe.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Na san a garin nan kalmar sihiri kaɗai ta isa ta rusa gida. Da Sitti ta ji na faɗa masa, ta daina yi mini magana sai harara.

Ranar Juma'a ya kira. Ya ce ya tambayi wani malami bayan salla, an ce masa babu komai a kaina tunda ban sani ba, kuma na tuba.

"Mahaifiyarka fa?"

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce yarinyar da ta iya faɗin wannan ana saura kaɗan a ɗaura, a riƙe ta. Amma ta ce ki zo ta koya miki gashi, don cikin kek ɗin ɗanye ne."

"Ɗanye?"

"Ya Hajiya, washegari da ciwon ciki na je aiki. In asiri ne, sai dai na kora."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Aka ɗaura aure ƙarshen watan.

Abin da na koya shi ne kada kyan abu ya sa in kwaikwayi abin da ban karanta ba. Na kuma gane cewa son da mace za ta kwana da shi hankali kwance shi ne wanda ya ji mafi munin labarinta daga bakinta, ya kuma sake kiran wayarta.