Huɗu Zuwa Shida

Sau biyu jarrabawar ƙarin girma tana kayar da ni, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma. Waɗanda na nuna wa riƙon alli sun wuce ni, har ɗayansu ya zama shugabana. Abin ya ci mini rai. Da ta uku ta matso, na zauna na binciki kaina, na ga ba ƙwaƙwalwar ce ta toshe ba, jama'a ce ta yi mini yawa. Ina buɗe littafi za a yi sallama. A tambayi gajiya, iyali, aiki, damina, kafin a zo kan abin da ya kawo mutum an kira magariba.

Sai na yi dabara irin ta ’yan boko. Na tsara yinina awa-awa a kan kwali, na manna a ƙofar zaure. Na ja layi da jan biro ƙarƙashin wuri ɗaya: huɗu zuwa shida, karatu, ba ganin kowa.

Ashe shela na yi. Da can sai an yi sa'a ake samuna. Yanzu unguwa duka ta san huɗu zuwa shida Malam yana gida. Wani maƙwabcina, tela, har yaba mini ya yi, wai na hutar da mutane zaryar banza. Ya faɗi haka ne ƙarfe huɗu da rabi, yana zaune a kan tabarmata.

Haushi ya sa na goge na rubuta ƙarya: Asabar da Lahadi, tafiya Kurfi. Niyyata in kulle kaina a ɗaki. Kafin hantsin Asabar zaurena ya cika da saƙo: ƙullin magani, ɗinkin wata amarya, da zakara ɗaure da tsumma, duk na dangin mutane a Kurfi. Wa zan ce wa ƙarya nake? Na ɗaure kaya a babur, ni da zakara muka kama hanya.

Bayan na gama rabon, na zarce gidanmu a Tamawa na kai wa Inna ƙara. Mahaifiyata ba ta san ko bihim ba a boko, amma ta yi dariya har da share ido. Ta shimfiɗa mini tabarma gindin rumbu ta ce in yi karatuna. Ba a jima ba masu gaisuwa suka fara shigowa, an ji ɗan birni ya zo. Ba ta kori kowa ba. Duk wanda ya zauna sai ta tura masa faifai cike da gyaɗa.

"Ɓare mani wagga, baki na hira hannu na aiki," in ji ta.

Mutum na farko ya tuna bai ba awakinsa ruwa ba. Na biyu ko zama bai gyara ba. Zuwa la'asar labari ya zaga gari, har magariba ba wanda ya ƙara sallama. Karatun da na yi a kwana biyun nan ya fi na wata guda.

Da zan tafi ta ɗaura mini rabin buhun gyaɗa da faifan a babur, ta ce, "Ɗan nan, mi ya kai ka rubuta ma mutane inda kake?"

Na cire kwalin na mayar da tsarin cikin aljihu, na ajiye faifai a zaure. Cikin mako ɗaya baƙi suka ɗauke ƙafa, ban da tela, shi da yake ɓare uku ya ci biyu. Na ci jarrabawar.

Inna ta rasu shekarar da ta biyo. Yanzu nakan zauna a zauren huɗu zuwa shida, ba jarrabawa a gabana, ba mai sallama, har tela ya daina zuwa. Ni kaɗai nake ɓarar gyaɗar.